Wasila Mai Labarin Tsoro

A tashar motar Tsafe, in ka ce Wasila, sai a tambaye ka wacce. In ka ce Wasila mai aljanu, kowa zai nuna maka teburin awara da ke jikin rumfar mai faci. Ba ta da aljani ko rabi. Son karatu ne da ita, kuma shi ya kai ta ya baro.

Mahaifinta Malam Hamidu direban bas ne, Gusau zuwa Tsafe, Tsafe zuwa Gusau, tun yana saurayi. Ya yi karatun allo mai kyau, amma boko bai san ko baƙi ɗaya ba. Duk da haka shi ne ya kafe sai Wasila ta shiga wata makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Bungudu. So yake ta zama ma'aikaciyar jinya, don ya gaji da kai matarsa asibiti maza suna duba ta. Wasila ma burinta ke nan. Turanci ne kawai ya tsaya mata a wuya, ga shi ba a shiga makarantar jinya sai an ci shi a jarrabawar fita.

A hutun 1996 aka shiga wahalar mai, motar Malam Hamidu ta yi zaman dirshan a ƙofar gida. Inna ta tura Wasila ta share ta. A ƙarƙashin kujerar baya, cikin ɓawon gyaɗa da totuwar rake, ta tsinci wani ɗan littafin Turanci da wani fasinja ya manta. A bangonsa an zana hannu yana fitowa daga rijiya. Ta buɗe don ta ga ko akwai wasu hotunan. Babu. Sai dai layin farko ya ce wata yarinya ta dawo makaranta ta tarar da sunanta a cikin waɗanda suka mutu, kuma Wasila ta ji ba za ta iya ajiyewa ba sai ta san dalili.

Ta zauna nan cikin motar, tsintsiya a cinya, rana na dukan kwano. Kalmar da ta gagare ta sai ta tsallake, gaba ta fahimce ta. Gabanta na faɗuwa, tsikar jikinta na tashi, ita kuwa daɗi take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Inna ta yi kira har ta gaji.

Daga nan an gama da ita. Ta gano wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin kasuwar Gusau, mai yarda ka kawo ɗaya ka ɗauki ɗaya. Ba ta kallon na soyayya. Ita dai a ba ta wanda ake bin wani a baya, ko gidan da ba a kwana a cikinsa lafiya. Kafin shekara ta zagayo, wadda ke can ƙasan aji a Turanci ta hau sama. Malam Yusha'u, malaminsu na Turanci, har karanta rubutunta yake a gaban aji.

Da ta tsaya a nan, da an zauna lafiya. Amma Wasila ba ta iya cin daɗi ita kaɗai ba. Ranar Asabar bayan wanki, a gindin darbejiya, ana kitso tana juya musu labaran da Hausa. Ta iya kuwa. Takan sassauta murya, ta yi shiru daidai inda ba a so, sai ta damƙi hannun ta kusa da ita a watse da ihu, a dawo ana dariya. Ƙawarta Salma, 'yar garin Damba, ita ce shugabar masu roƙo.

"Don Allah Wasila, ƙarasa muna. Mi ya hwaru da anka buɗe ɗakin?" in ji Salma, tana tura mata ƙuli-ƙuli da garin kwaki.

A bazarar 1998, suna aji shida, jarrabawa ta matso, wata 'yar aji ɗaya ta yanke jiki ta faɗi a taron safe tana ihu wai ga mace a bakin rijiya. Kafin azahar 'yan mata sun zube birjik. Ana zafi kamar a gasa mutum, abincin makarantar ba ya ƙosar da kyanwa, kuma an daɗe ana jin labarin irin wannan faɗuwa a makarantun wasu garuruwa. Ba wanda ya tsaya duba wannan. Aka kira malamai aka yi ta tofi da hayaƙi, iyaye suka cika bakin ƙofa, kowa na son a nuna masa wanda ya jawo.

Salma ce ta nuna. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma ga wanda aka yi wa duk ɗaya ne. Aka fasa akwatin Wasila a gaban jama'a, aka ɗaga littattafan sama ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi ta salati. Shugabar makarantar ta sani sarai takarda ce da tawada. Amma korar yarinya ɗaya ta fi sauƙi a kan fuskantar iyaye, don haka ta kore ta, ta soke sunanta daga masu zana jarrabawa.

Malam Yusha'u kaɗai ya biyo ta bakin ƙofa.

"Kada ki karaya," ya ce. "Akwai jarrabawar 'yan waje ƙarshen shekara. Littattafanki na aji da duk abin da kika kwafa suna cikin akwatinki. Ki riƙe su da kyau, sun ishe ki."

Da wannan maganar ta koma Tsafe, da kuma littafin tsoro ɗaya da ya tsira don yana cikin rigar matashinta. Labari ya riga ta isa. Maƙwabta suka daina aiko yara gidan. 'Yan ajinsu da suka zo hutu, in sun hango ta sai su sauya hanya, balle wata ta ara mata takarda. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ta cije. Kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarma ta buɗe akwati, ta yi ta bita ita kaɗai.

Malam Hamidu kuwa ya rame. Bai taɓa yi mata faɗa ba. Ya ɗauka ɗiyarsa ba ta da lafiya ne, kuma a tasha kowa ya zama likita. Wata rana Wasila ta ji shi yana gaya wa Inna a tsakar gida:

"An ce mani in dai littahin nan na cikin gida, aljanun ba su barin ta. Sai an ƙone."

Ta san wanda ake nufi. Ta san kuma ya kamata ta miƙa shi a huta, amma ta kasa, don saura kaɗan ta gama shi. Ta naɗe shi a tsumma ta cusa can cikin buhun dawa. Littattafan aji ta bar su a akwati, tunda ba su yi wa kowa laifi ba.

Washegari da hantsi Inna ta aike ta kai niƙa. Da ta dawo, tun daga zaure ta ji ƙauri. A tsakar gida akwatinta na buɗe, wayam, Malam Hamidu na tsaye a kan wuta yana juya ta da sanda. Lissafi, kimiyya, Turanci, da duk abin da ta kwafa da hannunta tun daga aji huɗu, sun zama baƙin toka. Kwaryar garin ta suɓuce mata.

"Baba, na makaranta na! Na jarrabawa na!"

"Na makaranta?" Ya ɗago wani shafi da ya ware, wanda ya yago daga littafin ilmin halittu. Hoton ƙasusuwan mutum ne, kowanne da sunansa. "Wanga na na makaranta? Ƙwarangwal hwa! Da idona na gani. Shi ya sa ban bar ko guda ba."

Ya jefa shafin cikin wuta. Sannan ya juyo, fuskarsa a sake, karon farko tun da aka koro ta. Ya dafa kanta kamar yadda yake yi tana ƙarama.

"Kin huta, ɗiyata. Yanzu sai ki maida hankali ga karatun jarrabawarki."

A duk gidan littafi ɗaya ya rage, yana cikin buhun dawa.