Ranar da Wata Ya Hau Tutar Cindo

Cindo mutumin Birnin Lalle ne, amma a Dakoro ya yi suna. Yana saurayi ya so shiga soja, likitan nasara ya tarar da yatsu shida a hannunsa na dama, ya ce ba a ƙera bindigar irin wannan hannu ba tukuna. Ya gwada noma, gero bai karɓe shi ba. Ya gwada kiwon raƙuman wani Buzu wajen Azagor, raƙuman suka koma gida suka bar shi a daji. Da ƙasa ta samu ƴancin kai, wani kawunsa mai shara a biron kwamandan, wato ofishin mai mulkin yankin, ya yi masa hanya, aka ba shi aikin tuta. Ya ɗaga ta da safe, ya sauke ta da yamma, ya ninke ya sa a akwati. Aikin ke nan.

Ya kuwa riƙe shi da zuciya ɗaya. In yana jan igiya ba ya ɗaga kai, gaba yake kallo ƙyam kamar sojan da aka hana shi zama. Matarsa Zinariya takan ce da ya taɓa ninke mata zane yadda yake ninke ƙyallen gwamnati, da ta yafe masa sauran halayensa.

Kwamandan na lokacin, Hamani, mutumin yamma ne, daga bakin kogi, Hausarsa ta sayen nama ce kawai. Kullum yana faɗin cewa sabuwar ƙasa layik ce. Da Cindo ya nemi bayani, tafinta ya ce masa ma'anarta gwamnati ba ta da addini, kowa ya yi nasa. Cindo ya ji tausayin gwamnati ƙwarai, har yakan sa ta cikin addu'a.

Akwai wanda bai tsaya ga tausayi ba. Malam Harisu falken hatsi ne, yana kai gero Maradi har ya ƙetara Najeriya, kuma a wata tafiya ya dawo da ƙaton rawani da sabuwar magana. Bayan la'asar yakan zauna ƙofar ɗakin ajiyarsa, wanda katanga ɗaya ta raba da biro, yana cewa ƙasar Musulmi malamai ya kamata su riƙe ta. A rufe lakwal, wato makarantar boko, shari'a ta dawo hannunsu, harajin lampo ya koma zakka, shi kuwa yana da rumbunan da za a zuba. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne dunƙulen rana mai ruwan goro da ke tsakiyar tuta. Ya ce bautar rana ce tsagwaronta, ya kuma sa wa Cindo suna limamin masu bautar rana. Wannan ya yi wa Cindo ciwo, don bai taɓa barin salla ta wuce shi ba.

Ranar Dakoro ta gaske kuwa ta yi ta cin ranar tuta har ta koɗe. Kwamandan ya yi faɗa, ya ce kafin ya dawo daga rangadin Roumbou ya tarar da ita ja wur. Cindo ya kai kuka gida. Zinariya ta ce abu mai sauƙi, ta ɗebo masa manja a ludayi. Ya shafe dunƙulen sosai, ya yi kyau, ya ninke ya rufe a akwati.

Wanshekare ranar kasuwa ce. Ya ɗaga tuta yadda ya saba, ido a gaba, babu iska, ƙyallen ya kwanta jikin sanda. Sai da hantsi ya yi, kasuwa ta cika, iska ta taso ta buɗe shi. Babu rana. Rami ne a wurinta, ana hango sama ta ciki, a gefensa kuma ga ɗan siririn ruwan goro ya lanƙwashe, jinjirin wata sak.

Kasuwa ta ɓarke da kabbara. Malam Harisu ya fito yana naɗa rawani a guje, yana cewa ai shi tun shekaranjiya ya gani a mafarki. Gardi biyun da aka bari tsaron biro suka jawo Cindo gefe.

"Kai Cindo, daga sama ne umurnin ya zo?"

"Ni dai abin da na iske cikin akwati shi na ɗaga," in ji Cindo.

Gardin suka dubi juna. Akwatin gwamnati ne, makullin gwamnati ne. Suka ƙame suka sara wa Malam Harisu, shi kuwa ya hau baranda ya zauna kan kujerar kwamandan. Nan take ya rufe lakwal, abin da ya fi komai samun goyon baya a ranar. Ya naɗa surukinsa alƙali. Ya aika a zubar da burkutun wata tsohuwa a bayan gari, ƴan aiken suka daɗe ba su dawo ba. Waɗanda jiya suke tofar da yawu in Cindo ya gifta, su suka ɗauke shi a kafaɗa suka zagaya kasuwa da shi, yana roƙonsu su sauke shi ya je ya duba igiya.

Da azahar sabuwar daular ta rabu biyu, don an rasa wanda zai ja salla tsakanin masu kama hannu da masu saki. Ana cikin wannan ja-in-ja motar kwamandan ta shigo gari. Kafin ƙurarta ta kwanta baranda ta zama wayam, sai takalma.

Aka kai Cindo gaban kwamandan. Tafinta ya ɓace, don shi ma ɗazu an gan shi da rawani, saboda haka Hamani ya yi tambayar da kansa.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Kusu na, ranka shi daɗe," in ji Cindo, yana nufin ɓera.

"Kusu!" Kwamandan ya rubuta sunan. "Ina yake zaune?"

"Nan cikin biro, bayan akwati."

"Cikin birona? Shi ɗaya?"

"A'a, suna da yawa. Da matanshi da ɗiyanshi. Tun zamanin nasara suna nan."

"Wa yake ba su abinci?"

"Galibi hatsin Malam Harisu suka ci. Ta ƙarƙashin katanga suka bi."

Kwamandan ya buga waya Maradi ya ce ya gano ƙungiyar ɓoye mai neman kifar da gwamnati da sunan addini, shugabanta wani Kusu. Aka jefa Cindo kaso, aka kulle. Jandarma suka iso cike da mota, suka bi gari gida gida suna neman Kusu, mutane suna nuna musu rumbuna, suna haƙawa.

Zinariya ce ta gaji. Ta ɗana tarko a bayan akwatin, ta zo har gaban kwamandan da shugaban jandarma, ta durƙusa ta buɗe ƙwarya. "Ga shi nan, ranka shi daɗe, an kama shi." Ƙaton kusu ne a ciki, gashin bakinsa har yanzu da maiƙon manja.

Kwamandan ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Maganar ta riga ta wuce Maradi, ba ta jawuwa, ga shi kuma an zauna masa a kujera da gaske. Aka tafi da Malam Harisu, yana rantsuwa cewa ciwon baya ne ya sa shi zama. Bayan kaka aka sako shi, ya dawo da mabiya fiye da na da, suna cewa ai kusun ma aiko shi aka yi. Daga nan duk kwamandan da aka turo Dakoro sai ya fara kai masa gaisuwa.

Cindo ya koma aikinsa, don an rasa mai yarda ya taɓa tutar. Aka ƙara masa da kula da wata kyanwa da biro ya saya, wadda ke da rabon madara daga gwamnati, shi babu. Haka ya zauna har gwiwa ta hana shi tsayuwa.

A Birnin Lalle ya rasu, shekarar babban fari. Tsofaffin gardi suka zo jana'iza, suka ce ma'aikacin gwamnati ne, su za su ɗauki makara. Mutanen Malam Harisu suka ce hannunsa ne ya ɗaga wata a Dakoro, nasu ne. Suna ta musu a ƙofar gida, ƙannen Zinariya suka fitar da shi ta bayan darni suka kai shi makwancinsa.