Gona Ta Goma Sha Bakwai

Tun yana yaro a Maradun, Misbahu bai taɓa iya duban idon mutum ya ce masa ya yi kuskure ba. Wani tela ya taɓa ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya, shekara biyu yana sa shi yana tafiya a karkace don kada telan ya gane. Da ya girma ya karanci kwamfuta, ya samu aiki a Kaduna, a can ya gamu da wata hanyar rubuta manhaja wadda ake fara gwaji kafin aiki. Sai ka fara rubuta abin da kake so manhajar ta yi, ka kunna, allo ya nuna ja. Sannan ka yi aikin har allon ya koma kore. In daga baya wani ya ɓata wani abu, jan ya dawo da kansa.

Duk wanda ya tambaye shi, Misbahu cewa yake son inganci ne ya ja shi. Gaskiyar magana kuwa, ya samu wanda zai riƙa gaya wa mutane laifinsu ne a madadinsa. Ya rungumi abin har ya zama mai horar da masu rubuta manhaja, yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan, allo na faɗa, shi yana murmushi.

Ya auri Nusaiba, 'yar farin Malam Sambo na Bakura. Malam Sambo shekara talatin ya yi yana rabon ruwa a gonakin madatsar ruwa ta Bakolori, da ya bar aiki sai ya koyi kwamfuta, ya buɗe ofis a saman wani shagon magani a Talata Mafara da ma'aikata biyu, Taibatu da Imrana. Manhajarsu tana aika wa manoman rani saƙo a waya, kowa ta gaya masa ranar da zai buɗe ruwa. An gwada ta a gonaki arba'in na Birnin Tudu, saura mako uku shugabannin wata ƙungiyar manoma su zo su duba, in ta yi musu a ɗora dukkan 'yan ƙungiya a kai. Malam Sambo ya aika ta bakin matarsa, ita ta gaya wa Nusaiba, Nusaiba ta gaya wa mijinta cewa ana son ya zo ya horar da yara.

Ranar farko Misbahu ya ga matsalar. Kowace gona sau ɗaya take shan ruwa a mako, ban da mai lamba goma sha bakwai, ita Litinin da Alhamis. Wannan wurin na manhajar kuwa Malam Sambo ne ya rubuta da hannunsa. In manoma suka gani, aikin ya mutu, tsohon ya ji kunya a gaban mutanen da ya yi wa rabon ruwa shekara talatin. Dole a gyara. To wa zai faɗa? Misbahu ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukinsa.

Ya fara da taron tsaye. Ya bayyana musu cewa kowace safiya za a tsaya minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. A tsaye ake yi don kada a ja magana. Malam Sambo yana da ciwon gwiwa, ya zauna. Babu mai iya tsayawa a kan dattijo, sai kowa ya durƙusa, har mai horarwar. Gaisuwa ta cinye minti goma sha ɗaya: gida, iyali, gajiya, gwiwa, mutanen Bakura, mutanen Maradun. Da aka zo kan abin da ya tare hanya, kowa ya ce babu komi, sai godiya. Imrana ma haka ya ce, alhali kwamfutarsa kwana biyu ke nan ba ta tashi ba.

Sai Misbahu ya koma ga tsohon amininsa, wato gwaji. Ya rubuta gwaji cewa kowace gona sau ɗaya a mako, ya kunna, allo ya yi ja, ya bar shi a buɗe inda Malam Sambo zai gani, ya tafi sallar azahar zuciyarsa wasai. Da ya dawo ya tarar da kore. Imrana ya gyara gwajin ya koma sau ɗaya ko sau biyu.

"Malam, ja bisa aikin Baba?" in ji Imrana. "Shi ne fa waliyyin aurena."

Washegari Misbahu ya sake rubutawa, ya gargaɗi Imrana a kaikaice, ta hanyar ba shi labarin wani mutum a Kaduna. Wannan karon Taibatu ce ta ƙara kalma huɗu a ƙarshen gwajin: ban da sha bakwai. Ta ce ita ba ta taɓa aikin Baba ba, ba ta kuma yi ƙarya ba, ga shi allo ya huta.

Ya kai kuka gida. Nusaiba tana yanka wata albasa mai girman ƙoƙo, daga gonar da mahaifinta ya ba ta, albasar da Misbahu ke ɗaukar hotonta yana tura wa abokai. Ta ce ya manta ita 'yar fari ce? Mahaifin da tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, in ta shigo ɗaki sai ya kama duban rufi, shi za ta je ta ce wa ya yi kuskure? Ta ce shi ne mai horarwa, ya hore.

Saura kwana biyu, Misbahu ya sanar cewa yau za a koyi aikin mutum biyu a kwamfuta ɗaya, ɗaya na faɗa, ɗaya na bugawa. Zama kujera ɗaya da suruki ba zai yiwu ba, saboda haka ya zauna a ƙasa da kwamfutar a cinya, aka haska allonta a bango. Kansa a sunkuye ya roƙi Baba, don yara su ƙaru, ya faɗi doka ta farko a rabon ruwa.

Ba a taɓa yi wa Malam Sambo tambayar da ta yi masa daɗi haka ba. Ya gyara hula, ya ɗauko tun daga shekarar da ya fara aiki, da wani mai kuɗin Morai da ya taɓa kora da sanda daga bakin ƙofar ruwa. Bayan minti ashirin ya iso kan dokar.

"Gona guda, ruwa guda, mako guda. Ko gonar wa ta."

Misbahu ya buga, ya ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ya roƙi Baba ya sa albarka ya danna.

Bango ya yi ja, da lamba goma sha bakwai ɓaro-ɓaro a tsakiya. Imrana ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Taibatu ta ja mayafi har hanci. Malam Sambo ya daɗe yana duban bangon.

"Wagga na'ura ba ta da tarbiyya," ya ce.

Ya karɓi kwamfutar, ya share layi ɗaya, bango ya koma kore. Abin da ya tsaya wa Misbahu a rai shi ne tsohon bai nemi layin ba. Kai tsaye ya je, kamar mai shiga ɗakinsa.

Manoma suka zo, suka duba, suka amince. Bayan sun tafi Misbahu ya buɗe jerin sunayen masu gonakin, abin da bai taɓa yi ba don shi lambobi yake dubawa. Gona ta goma sha bakwai ta Nusaiba ce. Mutumin da ba ya iya kiran sunan 'yarsa ya samu hanyar ba ta ruwa ranar Alhamis.

Da aka cire albasar bana, ta fito kamar ƙwan zabo. Nusaiba ta ɗaga ɗaya ta nuna masa. Ba a yi mako ba aka sauke buhun albasa a ƙofar gidansu, manya-manya, ba a faɗi daga ina ba. Saƙo dai ya biyo ta bakin surukarsa: wai a tambayi mai gwaji ko buhun ma sai an danna.

Misbahu ya ce a gaya wa Baba babu komi, sai godiya.