Tulun Waken Babana

Shekarar nan ta farin farko mun sha wuya, ba na son ma tunawa. Ni baduku ne a Birni, ɗan baduku. Dabbobi suka mutu, fata ta zama kamar kyauta, amma wa zai sayi takalmi cikinsa na kuka? Ga mata, ga 'ya'ya huɗu, ga rumbu wayam.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana Gidimuni. Da ya ji halin da muke ciki, ya aiko cewa tafki ya ja baya ya bar danshi, in zo ya ba ni 'yar fadama in yi noman rani. Ba ta da girma, taku arba'in ka ƙure ta, amma abincinmu na wata da watanni yana cikinta. Da muka isa ya nuna min irin masara da ganyen dankali, ya ce in zaɓa. Ni kuwa na ce na gode, na zo da irina.

Irin nan yana cikin wani tulu da babana ya bari. Zamanin Nasara wani kwamanda ya kawo waken suya ƙasar nan, ya sa gardi, wato dogaransa, suka tara mutane a gandunsa, babana yana cikinsu tun yana saurayi. An faɗa musu wai waken yana ba da mai, yana ba da madara, zai kori gyaɗa. Ya fito kuwa. Amma da mata suka ɗora shi, aka zuba kanwa, aka ƙone itacen kwana uku, ya ƙi nuna, ga ƙarni. Aka ɗauke kwamandan, kowa ya koma gyaɗarsa. Babana kaɗai ya ɓoye tiya biyu, ya cakuɗa da toka yadda ake wa wake, ya liƙe bakin tulun da laka. Kullum yana cewa Nasara ba ya ɗauko abin banza ya tsallako teku da shi.

Madarar nan ce ta shiga kaina. Shanu sun ƙare, ni zan noma madara a ƙasa. Har na faɗi haka a bakin masallaci, da bakina.

Kawu ya juya ƙwayar a tafin hannu, ya tambayi shekarunta. Na ce wajen talatin.

"Ɗana," ya ce, "ko gero ne ai ya gaji."

Na ce masa toka ba ta bari komai ya lalace, kuma wannan ba irin wakenmu ba ne. Ni da iyakar nomana jiƙa fata. Kawu ya bar ni.

Na shuka tiya ɗaya da rabi, layi-layi da igiya, yadda babana ya ce Nasara yana yi. Mutanen gari suka sa min suna Kwamanda. In na wuce da guga sai wani ya ƙame ya sara min, ya tambaya ko a kawo ƙwarya don tatsa. Kwana goma sha biyu ina ban ruwa. Masarar maƙwabci ta fito ta yi kore, gonata kamar an share filin idi.

Ran na sha uku wani mushe, wato ma'aikacin gwamnati, mai kula da noma ya biyo ta wurin a kan babur. Na tone rami ɗaya na nuna masa, ƙwayar ta kumbura ta ruɓe, sai wari. Da ya ji labarin tulun bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce irin waken suya ko shekara biyu ba ya kaiwa da rai, saboda man da ke cikinsa. Wato tun kafin a haife ni waken ya mutu, babana yana gadin gawa, ni kuma na zo na yi mata jana'iza da igiya.

Rabin tiyar da ta rage matata ta dafa, tun hantsi har la'asar. Ta ajiye min kwano a gabana.

"Maigida, ga madararka. Ka yi a hankali da haƙora."

Na ci, don babu wani abin. Yanzu in na ga awara ana soyawa a kowane lungu na Birni, daga waken nan dai, nakan ce ashe tsoho bai yi ƙarya ba. Ɗansa ne jaki.

Da yamma na je wurin kawu, na tsuguna. Ya ce masara kam lokacinta ya wuce, danshin ya yi ƙasa. Dankali wataƙila ya kama, in na iya jan ruwa safe da yamma. Ya ce rabin abin da zan samu na riga na binne shi, in yi ƙoƙari kada in binne sauran.

Washegari bayan asuba na ɗauki dami biyu na ganyen dankali a ka, na bi ta tsakiyar gari, aka sara wa Kwamanda sau uku. Tulun kuma na tafi da shi, da shi na riƙa ɗebo ruwa.