Wayar Birkin Alhaji Mamman

Har yau ban manta wata Juma'a ta lokacin zafi ba, ina mataimakin manaja a wurin hayar tirelolin kwana da ke titin Gate City Boulevard. Ga wanda bai sani ba, tirelar kwana ƙaramin gida ne mai taya da ake ja da mota. Tana da nata birkin, wanda waya ke haɗawa da motar. In babu wayar, birkin motar kaɗai ke ɗaukar nauyin duka biyun.

Alhaji Mamman, wani dattijonmu na masallaci, ya zo da iyalinsa za su hutu kan duwatsu. Ƙa'idarmu, sai an yi wa mai haya bayani kafin a ba shi makulli. Ina farawa ya katse ni.

"Malam Sabo, ina tuƙa tanka tun kana goye."

Ya koma gefe yana waya. Matarsa, Hajiya Binta, ita ta tsaya tana ta tambayata har na gama.

Da la'asar sai ga kiranta. Sun tsaya gefen hanya a wani dogon gangare da yara uku a mota, birki ya yi laushi, taya na hayaƙi.

"Alhaji na son ya watsa musu ruwan sanyi mu ci gaba," in ji ta.

Na ce kada a watsa, ƙarfen zai iya lanƙwashewa, a bari ya huce da kansa. Na roƙe ta ta duba wayar birkin tirelar. Ta dawo ta ce tana nan a naɗe tsaf. Ashe da suka tsaya sallah Alhaji ya cire ta, wai kada ta shanye masa batir.

Ina jin muryarsa daga nesa: "Ki gaya masa tanka ba ta da wannan iyayin."

Hajiya ta sake haɗa wayar birkin da motar. Da birkin ya huce aka gwada shi a hankali, suka sauka da ƙaramin giya lafiya lau.

Ran Litinin Alhaji ya dawo da tirelar. Na same shi yana koya wa wani sabon mai haya muhimmancin wannan waya, har da ɗaga yatsa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku ja da dattijo kan ƙwarewarsa. Ku gaishe shi da kyau, sannan ku nemi wanda ke tambaya a cikin iyalin, ku yi masa bayanin duka.