Daddawar Iya da Waken Japan

Mu a gidanmu na Bakori ba don sanyi ake hura wutar tatsuniya ba, don kalwa ake hura ta. Kakarmu, wadda muke kira Iya, daddawa take yi, kuma duk wanda ya san kalwa ya san taurin kanta a tukunya. Tun la'asar ake ɗora ta, a yi ta tura itace har bayan isha'i. Dole wani ya yi gadin wutar, Iya kuwa ba ta son zaman kaɗaici. Sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu ta kira mu, ni da ƙanwata Bilki, ta ba mu garin ɗorawa mu yi ta lasa har leɓunanmu su koma rawaya. Innarmu tana gefe tana wanke ƙoren da za a zuba kalwar a rufe.

Gidan namu yana wari, ba zan ɓoye ba. Warin yana shiga gashi, yana shiga kayan makaranta, har allon karatunmu sai da ya ɗauka. Amma akwai kalma ɗaya da ba a furtawa a gaban Iya. In an rufe dafaffiyar kalwa da ganye da tsofaffin buhuna, aka kai ta lungun ɗaki ta kwana biyu, kada Allah ya sa ka ce tana ruɓa. Na taɓa faɗa, ta buge mini baki da bayan ludayi.

"Abin da aka yar shi ke ruɓa, ke 'yar nema," in ji ta. "Wannan an wanke ta, an lulluɓe ta, ana jiran ta. Kwanciya take yi. In ta tashi a ce ta nuna."

Iya ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take yi, "Ga wata baƙuwa a ƙofar gida, ta sha hanya." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda ta fi maimaitawa a daren kalwa ita ce ta yarinyar da itacen ɗorawa ya raina.

Wai marainiya ce, ba ta da kowa, sai ta raɓe a gindin wata ɗorawa. In ta ji yunwa itacen ya sako mata gari, in za ta yi miya ya ba ta kalwa, da ta yi ɗaki ya ba ta makuba ta daɓe shi. Da ta girma ta ce za ta birni, itacen ya yi mata guzurin daddawa a ƙunshi. A bakin rijiyar birni matan gari suka toshe hanci, suka ce, "Warin mene ne wannan?" Yarinya ta dubi ƙunshinta, ta dubi zannuwansu, ta ce, "Ba nawa ba ne, ni ban ma san shi ba." Ta jefa ƙunshin bayan katanga. Wani tsuntsu ya ji, ya kai wa ɗorawa labari. A nan Iya takan rage murya ta rera:

"Warina, warina, taho gida,
'yar da na raina ta ce ba ta san ka ba."

Wari ya tashi ya koma wurin uwarsa, sauran ƙamshin duniya duk suka bi shi. Daga ranar yarinya ba ta ƙara jin komai a hancinta ba. Tuwo ya ƙone ba ta sani ba. Ruwan farko ya sauka a ƙasa, kowa yana shaƙa, ita tana kallon su. Ta haihu, ta sunsuni kan jaririnta, ba ta ji komai ba. Daga nan Iya ta tafa hannu ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ku tura itace."

Bilki kuka take yi wa yarinyar kowane lokaci. Ni kuwa ina bayan itacen, har gobe.

Iya ta daɗe da rasuwa, Inna ta gaji tukunyar. Da wannan tukunya aka ɗinka mana kayan makaranta, ni na zama malamar firamare, Bilki ta zama nas. Aiki ya kai ta Doha, tana zaune da mijinta a unguwar Madinat Khalifa. Da aka ba mu dogon hutu ta aiko mini da tikiti in zo in huta. Inna ta zaɓi daddawa mai kyau, ta naɗe ta a leda kan leda, ta tura can ƙasan akwatina, ta ce in kai wa 'yarta, ta san tana kewar miyar gida.

Ina buɗe akwati Bilki ta ja da baya.

"Yaya, don Allah ba a gidan nan ba. Iskar na'urar sanyin ɗakin nan zagayawa take yi, yanzu sai ta kai warin har wurin maƙwabta."

Ta ɗauki ledar da yatsa biyu ta sauka ƙasa, ta miƙa wa mai gadin gininsu, wani ɗan Katsina da ke kwana a unguwar Mansura tare da 'yan ɗakinsu. Bawan Allah ya kai ledar hanci ya lumshe ido, ya ce, "Hajiya, yau a ɗakinmu sallah ake yi." Raina ya ɓaci, amma baƙuwa nake, na haɗiye.

Ana nan sai ta ce ta shirya mini abin mamaki, za mu je koyon girkin Japan. Wata mata ce 'yar Japan, Malama Sachiko, mijinta yana aiki a Doha, ita kuma tana tara mata kaɗan a kicin ɗinta a unguwar Al Thumama tana koya musu abincin gida irin nasu. Muka je. Akwai wasu Turawa biyu da wata Balarabiya. Aka cire takalma a ƙofa, aka ɗaura mana zanen girki, aka wanke hannu. Matar tana da kirki, da Turanci take bayani a hankali, kuma tun farko ta ce ba giya ko ɗigo a kayan girkinta, hankalina ya kwanta.

Gaskiya na ji daɗin farkon. Muka wanke shinkafa har ruwan ya yi fari tas. Muka soya ƙwai siriri-siriri muna naɗe shi kamar tabarma, nawa ya yage, na yi ta dariya. Da aka zo dunƙula shinkafa da jiƙaƙƙen hannu mai gishiri, na ce a raina ai wannan malmalar tuwo ce aka yi wa kusurwa uku. Ta koya mana miyarsu ta safe, ta ce ba a barin ta tafasa bayan an dama abin da suke kira miso, wani kwaɓi ne ruwan ƙasa da ake yi da waken suya. Na ɗanɗana, harshena ya tsaya cak. Kamar na san mutumin nan a wani wuri.

Sai ta fito da wasu ƙananan kwanuka daga firij, ta ce wannan na masu ƙarfin hali ne, sunansa natto. Tana ɗaga murfin, wallahi na ga lungun ɗakin Iya. Na ga buhunan, na ga ganyen. Waken suya ne da aka dafa aka lulluɓe har ya yi yauƙi kamar kuɓewa, kuma warinsa warin kalwa ne a safiyar da ta nuna, ba ragi ba ƙari. Turawan suka yamutse fuska. Malama Sachiko ta yi dariya, ta ce kakarta a ƙauye a cikin karan shinkafa take naɗe waken, ta ajiye shi wuri mai ɗumi, kuma ba ta yarda kowa ya leƙa kafin lokaci. Tana faɗa tana murmushi, kanta a sama, a gaban baƙi.

Na juya in kalli Bilki, ina tsammanin idonta ya ciko kamar nawa. Me zan gani? Ta sa 'yan sandunan cin abinci tana juya waken, tana gyaɗa kai, tana gaya wa Balarabiyar cewa irin wannan abinci yana gyara ciki, likitoci ma suna yabonsa.

Malamar ta dube mu ta ce, "Ku fa a Najeriya, kuna da wani abu mai kama da wannan?"

Na buɗe baki ke nan Bilki ta riga ni. "A'a, ba mu da irinsa a ƙasarmu."

Ta taka mini ƙafa, ta raɗa da Hausa, "Yaya, kada ki ba mu kunya da ruɓaɓɓen abin nan."

Ruɓaɓɓe. Jikar Iya ce ta faɗa, da waken wasu a bakinta.

Ban san lokacin da na ajiye cokali ba. Na ce da malamar muna da shi, sunansa daddawa, kakarmu ce take yi, uwarmu ma shi take yi har yau, kuma da shi aka yi mana karatu mu biyun nan da ke tsaye a kicin ɗinta. Na kwatanta mata kalwa, da surfe, da wanki, da lulluɓi. Turancina yana tuntuɓe don fushi, ban damu ba. Matar ta haɗa hannu biyu a ƙirji, ta yi ta tambaya, kwana nawa take yi, da wane ganye ake rufewa, ana shanya ta ne ko a jiƙe ake ci. Bilki ta sunkuyar da kai a kan kwanonta har aka tashi.

A mota ta fashe.

"Kin ji daɗi yanzu? Ke ba ki san abin da na sha ba. A aji ba mai zama kusa da ni. 'Yar mai daddawa, 'yar mai daddawa, har waƙa suka yi mini. Na zo inda ba wanda ya san wannan sunan, ke kuma kin ɗauko shi a akwati kin kawo mini."

"Ni ba a yi mini waƙar ba?" na ce. "Benci ɗaya aka ware mana, Bilki. Ki ce ba ki son warin, wannan hancinki ne, ba ruwana. Amma ki ce babu shi? Iya fa kika ce babu. Inna tana can da hayaƙi a ido, kin ce babu ita."

"Khalas, Yaya. Ya isa haka."

"Ba khalas ba. Na wasu yana gyara ciki, namu ruɓaɓɓe?"

Sauran kwanakin da na yi a gidan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ina yarinya na ɗauka itacen ne ya hukunta yarinyar nan ta tatsuniya, ya ƙwace mata hanci. A Al Thumama na gane ba haka ba ne. Hancin Bilki lafiyarsa lau, ta ji abin da na ji a kwanon nan, na ga yadda hannunta ya tsaya kafin ta ci gaba da juyawa. Ta gane shi, ta zaɓi ta ce ba ta san shi ba. Na san an cuce ta a makaranta, na san ciwon gaskiya ne, ni ma ina da tabonsa. Amma yaran da suka yi mata waƙa sun girma sun manta, kuma ba su ta rama wa ba. A kan matan da suka ciyar da ita ta huce. Wannan ne na kasa yafewa, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba.

A filin jirgi ta miƙo mini wata roba a jakar kanti, ba ta kalle ni ba. Miso ne, ta saya a wani babban shago. Ta ce in kai wa Inna tsaraba. Na so in ajiye mata shi a kan kujera in wuce, amma saƙon uwa ne, ba ni da ikon hana shi isa.

Na iske Inna a bakin murhu. Bayan gaisuwa na ba ta robar, na ce daga Bilki. Ta buɗe, ta sunsuna, ta lakato da ɗan yatsa ta kai baki. Ta daɗe tana juya shi a harshe.

"Wanda ya yi wannan ya iya lulluɓi," in ji ta. "Gishiri ne ya yi masa yawa." Sai fuskarta ta canza. "Allah sarki 'yata. Ashe har ta kai tana sayen ta wasu. Wadda na aika ba ta ishe ta ba ke nan. Ke ma Rabi, da kin faɗa mini tun kina can."

Na ce to, Inna. Maganar tana nan a maƙogwarona, ban fitar ba, har yau ban fitar ba. Washegari da safe na same ta ta zazzage buhu a tabarma tana tsince kalwa ɗaya-ɗaya, manya masu sheƙi tana ware su gefe. Na ce wannan fa? Ta ce kada kowa ya taɓa, ta Bilki ce.