Masar da Na Toya da Sunan Maigidana

Ina da shekara ashirin da uku na sauka Birmingham da goyo a bayana. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, Turanci kuwa sai dai in gyaɗa kai. Maigidana yana karatun digiri na uku, muna zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Sparkbrook, saman shagon kayan miya. Ni mai fargaba ce tun asali. Doka ɗaya na haddace, wadda ya sha nanata min: ɗalibi ba ya wuce awa ashirin na aiki a mako. Don haka kullum idona yana kan fitarsa da dawowarsa daga siton da yake ɗan aiki.

Masa ce ta ja mana. Na toya a bikin suna a gidan wata maƙwabciya, mata suka yi ta santi, wata Hajiya ta ce ai mutanen Manchester har ƙorafi suke yi na rashin mai toya irin ta gida. Kafin a jima an fara nemana daga can. Sai na ji nauyin in ba da lambata maza su riƙa kirana. Baban 'yata ya yi dariya, ya ce to ranki ya daɗe, shi ya zama ɗan tallana. Lambarsa muka sa a sanarwa, shi ake biya, shi yake ɗaukar kuloli ranar Asabar ya hau mota zuwa Manchester. Na taɓa tambayarsa ko wannan ba ya shiga cikin awa ashirin ɗin, ya ce wannan ba aiki ba ne, taimakon iyali ne. Hankalina ya kwanta, don a gida ma mace a ɗaka take sana'arta, wani ke fita da ita.

Da sashensu a jami'a ya shirya walima, shi aka ba odar abinci, har da alfaharinsa. Wajen biya aka tambayi sunan mai sana'ar, ya ba da nasa. Ba a daɗe ba ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje ya kira shi. Ya dawo bai cire takalmi ba, ya zauna bakin gado yana kallon kaskon masa. Ya ce ashe ɗalibi ba shi da izinin sana'ar kansa ko ta awa ɗaya ce. Ni kuma, da na zo a matsayin matarsa, doka ta yarda min. Da sunana muka sa, babu mai ce mana komai.

An soke bizarsa saura kaɗan ya gama. Burinsa na samun izinin aiki bayan karatu ya tafi tare da ita. Yanzu muna gida, ya koma koyarwa a tsohuwar makarantarsa. Bai taɓa ɗora min laifi ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

'Yan'uwana mata masu bin mazajenku karatu, abin da aka halatta miki daban, nasa daban, ko da ɗaki ɗaya kuke kwana. Kada ki tsaya ga abin da kika ji a bakin mata, kada ki tsaya ga zatonsa. Ku je ofishin makarantar tare, ki tambaya da bakinki, ko da Turancin naki zai ba su dariya.