Baffa, Wa Zai Ɗaga Dutsen?

Wanda Ya ba da aro Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, uku ga watan nan, da hantsi, Allah Ya yi wa Baffa, maƙwabcina na gona, rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina cikin cirar ciyawa aka gaya mini. Na ce to, na ƙarasa kunyar da nake kai, sannan na wanke hannu. Har yau ban san me ya sa na tsaya ƙarasawa ba.

Baffa, wanda bai san garinmu ba ba zai gane rashin da muka yi ba. A jikin dutse muke zaune, gonakinmu hawa-hawa kamar matakala, idon ruwanmu kuma guda ɗaya ne, can ƙololuwa. Na sama yakan shayar da gonarsa, in ta ƙoshi ya ɗaga dutsen da ya toshe bakin magudana, ruwa ya gangaro wa na ƙasa. Ba a taɓa dutsen wani. Mutane sun yi shekaru ba sa gaisawa a kan wannan. Kai ne a samana tun ina saurayi, kuma ban taɓa ɗaga kai na kira ka ba, ruwan yakan riga ni isa.

Duk mai hawowa da kaya daga kasuwa a ƙofarka yake sauke numfashi. Ka ba shi ruwa, ka yi masa tsiya wai ƙafafunsa na mutanen kwari ne. Shekarar da katangar gonar telan garinmu ta zube, kai ka fara ɗaukar dutse, ba ka ko jira an yi shela ba.

Washegarin jana'izarka na je gona kamar kullum, na tsaya a bakin magudana ina jira. Rana ta ɗaga, albasar da na dasa ta fara sunkuyawa, ni kuwa ina cewa yau Baffa ya makara. Alhali da hannuna na zuba maka ƙasa.

Da na hau na samu matarka, Inna, a kan gangaren. Ita ce ta ce, "Ɗaga mana, ɗana. Shi ma ba ya jira tasa ta ƙoshi."

Sai a lokacin na dubi kunyoyinka na ƙarshe, waɗanda nake zolayarka da su ina cewa hannunka bai karɓi albasa ba, kai kuma ka yi dariya ka ce tsufa ne. Ƙasarsu fara fat, ta tsattsage. Ashe rabonsu nake sha duk shekarun nan. Na ɗaga dutsen, ruwa ya wuce. Ban yi kuka ba, Baffa, har yanzu kukan ya ƙi zuwa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Inna da 'ya'yanku da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Na roƙi Inna abu ɗaya, ta kuma amince: daga yanzu ni zan riƙa hawa ina shayar da gonarka, kuma sai kunyar ƙarshe ta ƙoshi sannan zan taɓa dutsen.